Idan aka kayar da kwatabak, laifin wa? Muhawarar zauren masoya ƙwallon Amurka

Malamin Lissafi: Assalamu alaikum 'yan zaure. Jiya bayan isha'i Bakatsine ya yi mini wata tambaya ta bayan fage, na ce masa ta fi ƙarfin mutum biyu, gara a kawo ta nan. Cewa ya yi, idan ba ka kalli wasan ƙungiya ko ɗaya ba, alƙalumanta na kaka kawai aka miƙo maka, wanne za ka fara dubawa ka san ko tana da ƙarfi? Ni amsata ita ce, ba zan duba jimillar yadin jifa ba. Zan fara da yadda ake kayar da kwatabak ɗinta (ɗan wasan da ke jagorantar hari yana jefa ƙwallo) kafin ya jefa, wato sak, sannan in duba yadi nawa take samu duk lokacin da ya ja baya da niyyar jifa, bayan an cire asarar kayarwa. Kuma ina da ra'ayin da na san wasu ba za su so ba: yawancin sak laifin kwatabak ne, ba na layi ba, wato ƙartin nan biyar da ke tsare gabansa. Bisimilla, a gyara mini.

Bakatsine: Wa alaikumus salam Malam. Na gode da ka kawo ta. Amma a yi mini a hankali, kaka biyu kacal na yi ina kallon wasan nan. Me ya sa ba za a ƙirga adadin sak kawai ba? Wanda aka kayar sau 50 ai ya fi wanda aka kayar sau 30 shan wahala.

Malamin Lissafi: Ba kullum ba, ƙanena. Sai ka san sau nawa kowannensu ya ja baya. Lissafin mai sauƙi ne: ka ɗauki adadin sak, ka raba shi da jimillar jifa haɗe da sak ɗin. Ga misali daga kakar 2022. Russell Wilson na Broncos da Justin Fields na Bears kowannensu an kayar da shi sau 55. A takarda kunnen doki ne. To amma Fields jifa 318 kawai ya yi duk kakar, don Bears gudu da ƙwallo suka fi yi. Ka raba 55 da 373, ka samu kashi 14.7 cikin ɗari. Wato a duk ja da baya bakwai, ɗaya a ƙasa yake ƙarewa. Wilson ya yi jifa da yawa fiye da haka nesa ba kusa ba, don haka kasonsa bai kai nan ba, duk da shi ma ba abin yabo ba ne.

Alhajin Bronx: Salamu alaikum. Malam, lissafinka na raba wannan da wancan ban da ja a kai. Inda za mu rabu shi ne batun laifi. Shekara sama da ashirin ina kallon wasan nan a ƙasar da ake yin sa. Na ga abin da aka yi wa David Carr a 2002, shekarar da aka kafa Texans. Yaro sabon fitowa daga jami'a, aka kayar da shi sau 76, har yau babu wanda ya kai wannan adadi a kaka ɗaya. Kana so ka ce mini laifinsa ne? An haɗa ƙungiya daga ragowar 'yan wasan da wasu suka saki, aka tsayar da shi a bayansu. Yaron bai sake komawa daidai ba.

Malamin Lissafi: Allah ya ƙara girma, Alhaji. Ban ce layi ba ya da hannu ba. Amma a bar ni in kawo shaida biyu, in ba su gamsar ba sai a yi watsi da maganata.

Ta farko, Denver, wato Broncos. A 2011 Kyle Orton ne ya fara kakar, aka kayar da shi sau 9 a jifa 155, kusan kashi 5 da rabi. Aka zaunar da shi aka sa Tim Tebow, layi ɗaya, koci ɗaya, shekara ɗaya: sak 33 a jifa 271, kusan kashi 11. Shekara ta zagayo Peyton Manning ya zo. A layi Ryan Clady yana nan, Zane Beadles yana nan, Orlando Franklin yana nan. Manning ya yi jifa 583, sau 21 kacal aka kayar da shi, kashi 3.5. Kuma mutumin nan daga tiyatar wuya ya taso, ba ya iya gudu. Can kuma Colts da ya bari, a 2010 sau 16 aka kayar da shi a jifa 679, a 2011 da bai buga ba adadin ya haura ninki biyu, suka ci wasa 2 suka sha kashi 14.

Ta biyu ta fi burge ni. Tampa Bay, 2019: Jameis Winston, sak 47 a jifa 626, kashi 7. Shekarar 2020: Tom Brady yana da shekara 43, sak 21 a jifa 610, kashi 3.3. Koci dai Bruce Arians ne duka biyun. Huɗu daga cikin biyar na layin su ne dai, Donovan Smith, Ali Marpet, Ryan Jensen da Alex Cappa. Mutum ɗaya aka ƙara, Tristan Wirfs. Wirfs gwani ne, amma mutum ɗaya ba ya raba sak gida biyu. Abin da ya canza shi ne wanda ke riƙe da ƙwallon. Brady yana karanta tsaron abokan hamayya tun kafin a miƙo masa, ya san inda zai jefa, in babu hanya ya wurgar da ita waje ya jira yunƙuri na gaba (yunƙuri huɗu ake ba ƙungiya ta ci yadi 10).

Uwar Biyu: Assalamu alaikum. Tun ɗazu nake karantawa ina girki, na kasa haƙuri. Malam, da girmanka, ina za ka kai Bengals ɗinmu na 2021? Ni a Ohayo nake, kakar nan gaba ɗaya a gaban talabijin na yi ta. An kayar da Joe Burrow sau 51 a kaka, babu wanda ya kai shi a shekarar. Aka shiga sili-ɗaya-ƙwale aka ƙara masa 19, jimilla 70. A wasanmu da Titans kaɗai sau 9 ya sha ƙasa, kuma mu muka ci 19 da 16. Da sak ne ma'aunin ƙarfin ƙungiya, da ba mu ga ƙofar Super Bowl, wasan ƙarshe na cin kofi, ba.

Malamin Lissafi: Hajiya, sannu da aiki. Kin kawo ni daidai inda nake so in je. Shi ya sa na ce kashi na sak mafari ne, dole a haɗa shi da abin da jifan ke samarwa. Akwai ma'aunin da shafin Pro Football Reference ke bugawa, suna kiransa ANY/A. Ga yadda ake yi: a ɗauki yadin jifa, a ƙara 20 kan kowane tacdawun (kai ƙwallo ƙarshen filin abokan hamayya), a cire 45 kan kowace ƙwallon da abokan hamayya suka ƙwace a sama, a cire yadin da aka yi asara wajen sak, sai a raba da jifa haɗe da sak.

Burrow a 2021: yadi 4,611, tacdawun 34, ƙwace 14, asarar sak yadi 370, ja da baya 571. Abin da ya fito 7.51 ne. Brady a 2020, shekarar da ya ɗauki kofi: 7.53. Kin gani? Kusan daidai suke, alhali an kayar da ɗaya sau 51, ɗayan sau 21. Burrow yana biyan bashin sak ɗinsa ne da dogayen jifa zuwa ga Ja'Marr Chase da Tee Higgins, don yadi 8.9 yake samu a kowace jifa, shi ne kan gaba a shekarar. Shi kuwa Winston na 2019, da yadinsa 5,109 wanda ya fi na kowa a wannan kakar, 6.15 ya samu, saboda ƙwace 30 da sak 47. Tampa ta ci 7 ta sha kashi 9.

Uwar Biyu: To ka ga kenan ba a yanke wa ƙungiya hukunci da sak.

Malamin Lissafi: Ba a yanke mata da shi kaɗai. Amma ba a yanke mata ba tare da shi ba. Matsalata da makin jifa da talabijin ke nunawa kullum, wanda ƙarshensa 158.3, ita ce ko kaɗan ba ya ƙirga sak. Tun 1973 ake amfani da shi, abu huɗu kawai yake dubawa: kason jifan da aka cafe, yadi, tacdawun da ƙwace. Kwatabak da ya ga babu hanya ya jefar da ƙwallo waje, ya ceci ƙungiyarsa daga asarar yadi bakwai, makinsa sauka yake yi. Wanda ya rungume ƙwallo aka danne shi, makinsa ba ya motsi. Ma'aunin yana hukunta mai hankali yana kyale mai ganganci. Fields a 2022 makinsa ya haura 85, ka ce matsakaici ne, amma ANY/A ɗinsa 4.63.

Ɗan Maraɗi: Ina wuninku. Tambaya gare ni kan wannan, Malam. Na lura in na duba yadin kwatabak a wasa, na duba na ƙungiyarsa, ba sa zuwa daidai. Ko kuskure ne na shafin?

Malamin Lissafi: Ba kuskure ba ne. A NFL, gasar ƙwararrun da muke magana a kai, ana cire asarar sak daga yadin jifa na ƙungiya, amma ba a cirewa daga na kwatabak shi kansa. Shi ya sa na ƙungiya yake ƙasa. A wasan jami'o'i kuma wani tsarin ne daban, asarar sak a cikin yadin gudu ake sa ta, sai ka ga kwatabak da yadin gudu ƙasa da sifili ka ɗauka bai iya gudu ba ne. In kana auna ƙungiya, na ƙungiya za ka ɗauka.

Ɗan Maraɗi: Madalla, yanzu na gane.

Alhajin Bronx: Malam, na saurare ka, bari ni ma in kawo nawa shaidun, don ka zaɓi waɗanda suka dace da kai ne. Andrew Luck. A 2016 an kayar da shi sau 41 a jifa 545. A 2018 sau 18 a jifa 639. Mutum ɗaya ne, kai ɗaya, hannu ɗaya. Me ya canza? Colts sun ɗauko Quenton Nelson da Braden Smith a layi, Frank Reich ya zama koci ya kawo tsarin sakin ƙwallo da wuri. In sak halin kwatabak ne kamar yadda kake faɗi, ya aka yi ya sauka daga kashi 7 zuwa ƙasa da 3? Kuma ka tuna dukan da ya sha a shekarun baya ne ya sa ya ajiye wasa a watan Agustan 2019 yana ɗan shekara 29. Ni ranar raina ya ɓaci ƙwarai, ko da yake ba ƙungiyata ba ce.

Na biyu. Dan Marino a 1988, sau 6 kacal aka kayar da shi a jifa 606. Bai kai kashi 1 ba. Dolphins wasa nawa suka ci? Shida. Suka sha kashi goma.

Na uku, kuma wannan ka amsa mini shi da kyau. Kakar 2013, Manning ɗinka ya jefa tacdawun 55, yadi 5,477, sak 18 kawai. Russell Wilson na Seahawks an kayar da shi sau 44 a jifa 407, kusan kashi 10. Suka haɗu a Super Bowl nan kusa da mu a New Jersey. Seahawks 43, Broncos 8.

Bakatsine: Kai! Alhaji ya zo da kaya.

Malamin Lissafi: Ya zo da su kam, kuma na karɓi na Luck hannu biyu. Koci da tsarin wasa suna da kaso babba, ban ba su haƙƙinsu ba a maganata ta farko. Sai dai a lura, ko a misalin Luck rabin maganar ita ce an sa shi ya riƙa sakin ƙwallo da wuri, wato ɗabi'arsa aka canza, ba layi kaɗai ba.

Na Marino da na 2013 kuwa, kuskuren da nake gudu ne a yi: auna ƙungiya da gefe ɗaya. Ƙungiya tana da masu kai hari tana da masu tsaro. Abin da za a yi shi ne a ɗauki ANY/A ɗin da take samu, a cire wanda take bari abokan hamayya su samu a kanta. Ragowar ita ce ƙarfinta na gaskiya a sama. Dolphins na 1988 tsaronsu ragagge ne, kuma Marino kansa an ƙwace masa ƙwallo 23. Seahawks na 2013 kuwa su ne suka fi kowa hana maki, suka fi kowa hana yadin jifa, suka fi kowa ƙwace ƙwallo a sama, su Richard Sherman da Earl Thomas da Kam Chancellor. In ka yi musu lissafin gefe biyu, ba abin mamaki ba ne su doke Denver. Girman tazarar ne kawai abin mamaki.

Uwar Biyu: Ni akwai abin da ke damuna da duk lissafin nan, ku yi haƙuri in faɗa. Wasanmu na Super Bowl da Rams, saura ƙasa da minti ɗaya, ana 23 da 20, yunƙuri na huɗu, yadi ɗaya muke nema. Ina tsaye a tsakiyar falo, 'yan biyuna sun yi barci a kan kujera da rigunan ƙungiya a jikinsu. Aka miƙo wa Burrow ƙwallo, kafin ya ɗaga kai Aaron Donald ya riga ya ratso ya cafke shi ya juya shi kamar buhu. Ya wurga ƙwallon yana faɗuwa, ta faɗi ƙasa. Shi ke nan kofi ya tafi. Ku je ku duba takardar wasan, wannan ba a rubuta shi sak ba. Jifa ce da ba a cafe ba, kamar kowace. An kayar da shi sau 7 a daren, amma wanda ya kashe mu ba ya cikin bakwai ɗin. To Malam, ina lissafinka ya ajiye wannan?

Malamin Lissafi: Hajiya, wannan gaskiya ce tsantsa, kuma shi ne babban raunin ƙirgen sak. Sak ɗan ƙaramin yanki ne na matsin da ake yi wa kwatabak. Shi ya sa kamfanonin da ke bin wasa faifai-faifai suke ƙirga matsi daban: sau nawa aka kore shi daga inda yake tsaye, sau nawa aka buge shi yana jifa. In kin samu wannan, sai ki raba aikin gida biyu. Yawan matsi da saurin zuwansa, wannan layi za a fi tambaya. Kashi nawa na matsin ne ya rikiɗe ya zama sak, wannan kwatabak za a tambaya. Dubi Patrick Mahomes na Chiefs a Super Bowl na Fabrairun 2021 da Tampa. Babu Eric Fisher, babu Mitchell Schwartz, masu tsare masa gefe biyu duk suna jinya. An matsa masa sau 29, amma sau 3 kawai aka kayar da shi. Wanda ya duba sak 3 zai ce layi ya yi ƙoƙari, alhali ranar layin rugujewa ya yi, Mahomes ne ya yi ta gudun ceton rai. An ci su 31 da 9, ko tacdawun ɗaya ba su yi ba.

Alhajin Bronx: To ka dawo hanya kenan. Kwatabak mafi iya kauce wa sak a zamaninsa, da layi ya karye bai tsinana komai ba.

Malamin Lissafi: A wannan daren haka ne, Alhaji. Amma wasan ya tabbatar da nawa ɓangaren ma: ko da layi ya rushe, adadin sak a hannun kwatabak ya tsaya.

Alhajin Bronx: Shekara huɗu bayan nan fa? Fabrairun 2025, Eagles suka kayar da shi sau 6, kuma ko sau ɗaya ba su turo ƙarin mutum ba, huɗun gaba kawai suka yi aikin, bakwai suna baya suna tsare masu karɓa. 40 da 22. Wannan shi ne sirrin da ba ya fitowa a alƙalumanka. Ba sak nawa ƙungiya ta yi ba, da mutum nawa ta yi shi. Giants ɗina a Fabrairun 2008 haka suka yi wa Brady. Patriots sun ci wasa 16 ba a doke su ba, maki 589, Brady tacdawun 50, sau 21 kawai aka kayar da shi duk kaka. Masu tsaron Giants, waɗanda a cikinsu akwai Michael Strahan, Justin Tuck da Osi Umenyiora, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, suka kayar da shi sau 5 a dare ɗaya, aka tashi 17 da 14. Mu wajen goma muka cika ɗakin wani ɗan'uwa a hawa na huɗu, shayi ya huce a kofuna babu mai sha. Lokacin da 'yan Patriots suka riƙe rigar kwatabak ɗinmu Eli Manning kowa ya ɗauka an gama, ni har na sunkuyar da kai. Ya fizge ya jefa, David Tyree ya danne ƙwallon a jikin hular kansa. Da an kayar da shi a nan, da wani tarihin ake bayarwa yau.

Ɗan Maraɗi: Alhaji, to in na fahimta, ƙungiyar da masu tsaronta suka fi yawan sak ita ce abin tsoro?

Malamin Lissafi: Bari in shiga nan kafin Alhaji. A yi hattara da wannan. Sak abu ne da ba ya yawan faruwa, biyu ko uku a wasa, don haka wasa ɗaya yana iya kumbura lissafin kaka. Giants ɗin nan na 2007 sak 53 suka yi, su ne kan gaba, amma 12 daga ciki a dare ɗaya suka same su a kan Donovan McNabb na Eagles, Umenyiora shi kaɗai ya yi 6. Sannan Eagles na 2022 sun yi sak 70, saura biyu su kamo tarihin Bears na 1984 mai 72. Suka je Super Bowl suka haɗu da Mahomes mai ciwon idon sawu, ko sau ɗaya ba su kayar da shi ba, aka ci su 38 da 35. Sak na masu tsaro ya dogara ƙwarai da irin kwatabak ɗin da jadawali ya haɗa su da su, da kuma ko suna gaba a maki, don wanda ake ci dole ya yi ta jifa kowa ya san jifa zai yi.

Wannan kuma shi ne dalilin da ya sa na ce ba na duba jimillar yadi. Ƙungiyar da ke baya ita ke tara yadi a ƙarshen wasa. Deshaun Watson ya fi kowa yadin jifa a 2020, 4,823, Texans suka ci wasa 4 kacal. Tun da aka fara Super Bowl ba a taɓa samun wanda ya fi kowa yadin jifa a kaka ya ɗauki kofi a wannan shekarar ba, sai Mahomes a kakar 2022.

Uwar Biyu: Akwai kuma abin da ban ji an taɓo ba. Wani lokaci karɓar sak shi ne hankali. Aaron Rodgers a 2018 sau 49 aka kayar da shi, amma ƙwallo 2 kacal aka ƙwace masa a jifa kusan 600. Ai gara asarar yadi bakwai da miƙa wa abokan hamayya ƙwallo. A wasanmu da Titans abin da ya faru kenan, Burrow ya sha ƙasa sau 9, Ryan Tannehill na Titans kuma aka ƙwace masa sau 3, na ƙarshen ne ya ba Evan McPherson damar bugun da ya ba mu wasan.

Malamin Lissafi: Haka ne, shi ya sa ma'aunin ya ɗora wa ƙwace yadi 45, sak kuma yadin da aka rasa kawai. Sai dai ni ina ganin ya yi wa sak sassauci. Sak ba yadi kaɗai yake ci ba, yana cin yunƙuri ɗaya cikin huɗu, ya mayar da yadi 10 ya koma 17, yawancin hari a nan yake mutuwa. Kuma a wajen sak ne ƙwallo ta fi suɓucewa. Super Bowl na 50, sau biyu Von Miller na Denver ya fizge ƙwallo daga hannun Cam Newton, na farko ya zama tacdawun nan take, na biyu ya kai Denver bakin layi suka ƙarasa. A wasan da aka tashi 24 da 10, ki ga nauyin wannan. Packers ɗin Rodgers ma a 2018 wasa 6 suka ci. Sak a yunƙuri na uku da nisa, in ba a fitar da kai daga inda za a iya bugun maki uku ba, asararsa kaɗan ce tunda dama fant za a yi, wato a buga ƙwallo da ƙafa can nesa a bar wa abokan hamayya. Sak a yunƙuri na farko kuwa ɓarna ce babba. Lissafin kaka yana haɗa su duka a buhu ɗaya.

Bakatsine: Malam, na gwada da Bears, don su nake goyon baya. Caleb Williams a 2024: jifa 562, sak 68, yadi 3,541, tacdawun 20, ƙwace 6, asarar sak yadi 466. Kason sak ya ba ni 10.8, ANY/A kuma 5.09. Na yi daidai? Abin ya ba ni mamaki, don ni ina ta alfahari da ƙwace 6 ɗin nan.

Malamin Lissafi: Daidai ka yi, Allah ya yi albarka. Ƙwace 6 abin so ne, amma ka ga kuɗin da aka biya. Yaron yana riƙe ƙwallo yana neman babbar jifa, in bai samu ba sai a danne shi. Shi ya sa kuka ƙare da cin 5 da shan kashi 12.

Alhajin Bronx: Ko kuma layin ne da masu koyarwa. An kori mai tsara harinsu a tsakiyar kaka, aka kori koci Matt Eberflus bayan wasan Detroit. Yaro sabo, murya uku daban-daban a kunnensa cikin wata huɗu. Gabanin kakar 2025 sun ɗauko Ben Johnson daga Lions ya zama koci, sun kawo Joe Thuney da Drew Dalman da Jonah Jackson a tsakiyar layi. Malam, in sak ɗinsa ya sauka a kakar 2025, ka yarda maganata ce ta fito?

Malamin Lissafi: Ba zan yarda da adadin kaɗai ba, Alhaji, don abu uku aka canza lokaci guda: layi, koci, da shi kansa da ya ƙara shekara. Abin da zan duba biyu ne, matsin da ake yi masa ya ragu ko bai ragu ba, kuma cikin matsin kashi nawa ke zama sak. In matsi ya ragu amma kason da ke zama sak yana nan, kai ka yi gaskiya. In kason ne ya faɗi, yaron ne ya gyara.

Uwar Biyu: Bakatsine, tunda kai ne mai Bears, aikin naka ne. Duk wasa ka riƙe biro, in an kayar da shi ka mayar da faifan baya ka ƙirga daƙiƙa nawa ƙwallon ta yi a hannunsa. Ƙasa da uku ka rubuta a gefen layi, sama da haka a gefensa.

Bakatsine: Na ɗauka, Hajiya. Wasannin ƙarfe shida na yamma a agogonmu zan iya kallo kai tsaye, na tsakar dare kuma sai washegari bayan na taso daga aiki. Zan riƙa turo ƙirgen nan zaure duk ranar Talata in sha Allahu.